Na Je Kano Saboda Yoyon Soro

Bazara ce, irin wadda iska take tsayawa cak tun hantsi, kaji su buɗe baki a gindin rumbu. Shekarar ba ta yunwa ba ce, gero ya yi, gyaɗa ma ba laifi. Amma ni ban ji daɗinta ba, domin duk sanda gajimare ya leƙo ta gabas sai gabana ya faɗi. Mutane suna roƙon ruwa ya sauka da wuri, ni kuwa, Allah ya yafe mini, a zuciyata ina roƙon ya ɗan jira.

Tun da na dawo matan ajinmu na karatun manya ba su bar ni na huta ba. A rijiya tambaya, a wurin daka tambaya, kowace ta ɗauki guntun labari ta kai wa wata, har na ji an ce wai jirgin ƙasa na hau. Ban hau ba, hango shi kawai na yi. Shi ne Mushe, malamin da yake koya mana, ya ce in rubuta a kaye, wato littafin rubutu, sau ɗaya, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba tukuna. To ga shi, ku yi haƙuri da hannuna.

Kun san a ƙauyenmu, gabas da Bande a nan ƙasar Faranshi, ɗakunanmu duk jinka ce, in ban da soro guda da yake gidanmu. Maigidana marigayi ne ya gina shi. Yana saurayi ya yi ta zuwa cin rani Kano yana bin wani magini, da ya dawo ya ce mahaifiyarsa ba za ta ƙara kwana a ƙarƙashin ciyawa ba, tun da gobara ta taɓa cinye mata ɗaki. Ya samo azara ta giginya daga wajen Korama, ya buga tubali, ya ɗora rufin ƙasa shimfiɗaɗɗe da indararo biyu masu zubar da ruwa ta baya. Iya, mahaifiyar tasa, ta shiga. Damina uku ya gani a kan soron nan, ta huɗu ba da shi ba. Allah ya jiƙansa.

Shekara tara ke nan. Iya ta tsufa, idonta ya tafi, amma a cikin ɗakin nan ba ta neman jagora. Shekara uku da suka wuce soron ya fara yoyo. Bara kuwa sai da muka jera ƙore da kasake a tsakar ɗakin, azarar tsakiya ta yi ciki kamar bayan tsohon jaki, ƙasa tana zubowa a kan shimfiɗarta. Ɗana na fari, wanda yanzu shi ne riƙe da gidan, ya ce bana ba zai jira ba, kafin ruwan shuka zai sauke rufin ya ɗora jinka. Ban ga laifinsa ba, tsoro yake kada ɗakin ya danne kakarsa. Iya kuma ta ce ba ta fita, wanda zai taɓa rufin ɗanta sai ya fara fitar da gawarta. Tun ranar ba ta ƙara karɓar fura daga hannun yaron ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba mu taɓa sakaci da soron ba. Kowace bazara nakan ga marigayi yana hawa da kwandon kwaɓaɓɓiyar ƙasa, don haka bayansa muka ci gaba. Abokansa gayya suke yi mana duk shekara, su kwaɓa, su hau, su yaɓe, ni in dama musu fura. To me kuma ya rage? Na san sunan maginin da ya koya masa, Malam Nalado, na kuma san a cikin birni yake kusa da marina. Ban san ko yana raye ba. Na roƙi yaron ya ba ni kwana goma kada ya taɓa komai. Ya ce, "Goma, Inna. In ruwa ya riga ki, ba ruwana da goma."

Maƙwabciyata Fassuma ce ta raka ni. Ita takan kai tabarmin kaba Kano sau biyu a shekara, ta san hanya, bakinta kuma ba ya hutawa. Muka ɗora kaya a jaki, muka bi ta Bande, muka shiga Magariya da la'asar, ƙafafuna sun yi fari fat. A gidan ƙanwarta muka sauka, aka yi mana tuwon gero da miyar yakuwa, har nan dai muna gida. Da muka zagaya gari ni ban ga komai ba sai sama. Na tsaya gaban kantunan ƴan kasuwa ina duban inda ruwa yake fita, na tsaya nesa da gidan kumandan, Baturen mulki, ina duban kwanon da ya zarto ya yi wa bango inuwa. Fassuma ta ce in na ci gaba da tafiya kaina a sama sai na faɗa rijiyar mutane, ita kuma ba ta zo da guga ba.

Washegari muka hau kamyo, wato babbar mota, mai ɗauke da fatu. Warin kam ba a magana, na toshe hanci da gefen mayafi har na gaji na saki. Sau biyu motar ta nutse a rairayi, aka ce kowa ya sauka, aka shimfiɗa wasu faifan ƙarfe a gaban ƙafafunta, maza suna turawa, mu mata muna gefe muna salati. A na biyun takalmina guda ya tafi cikin yashi, har yau yana can.

A iyaka aka tsayar da mu wurin duwan, masu binciken kaya. Ɗan duwan yana zaune da babban littafi, ya tambayi sunana da garinmu na faɗa. Ya ce sunan miji. Na dubi ƙasa. Ya maimaita, ya ƙara maimaitawa da ƙarfi, yana tsammanin ban ji ba. Ta yaya zan kama sunan maigidana a gaban mutane, bare yana kabari? Sai Fassuma ta matso ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko za ka tsare ta har kaka ba za ta faɗa ba. Ni ce bakinta." Ta faɗi sunan. Mutumin ya yi dariya ya ce haka tasa uwar take, ya rubuta, ya ce mu sauka lafiya.

A Babura motar ta yi zafi, direba ya ce sai gobe. Wata mai tuwo da Fassuma ta sani ta ba mu ɗaki, mai rufin kwano ne, abin alfaharinta. Da na shiga sai na ji kamar an kifa mini tanda. Na miƙa hannu na taɓa kwanon, na janye da sauri. Matar ta ce ai shi ba ruwansa da gara, ba ruwansa da gobara. Da muka ɗan saba na tambaye ta damina fa, sai ta yi murmushi ta ce in ana ruwa ko kuka jaririnta yake ba ta ji, kuma ta nuna mini bakin ƙusoshi inda tsatsa ta ci, ta cusa tsumma da kwalta. Na ce a raina ashe shi ma da nasa ciwon. A tsakar gida muka shimfiɗa tabarma.

Nan na fara cin miya da manja. Na gan ta ja wur na ɗauka barkono ne, na yi ta taɓa gefe-gefe, har matar ta ce ko baƙuwar Faranshi azumi take. Da safe Fassuma ta ba ni garin rogo a tafin hannu, ya yi mini daɗi, na yi ta afawa busasshe, na bi da ruwa cikin moɗa. Ba ta gaya mini kumbura yake ba. Har muka isa Kano ina zaune a miƙe kamar mai ciki wata bakwai, ita kuwa tana tambayata yaushe suna.

Bayan Babura hanya ta zama ta burji. Can na hango wata mota tana tahowa, shi kuma direbanmu ya karkata hagu. Na damƙe hannun Fassuma na fara kalmar shahada, na ɗauka barci ya kwashe shi. Motar ta wuce ta damanmu lafiya lau. Ashe a ƙasar Ingilishi hagu ake bi. Wani dattijo a kusa da mu ya ce Turawan nan biyu ko hanya ba su yarda su haɗa ba.

Kano kuwa, ƴan uwa, ban san ta inda zan fara ba. Ganuwa, sannan ƙofa, sannan lunguna kamar hanjin kaza. Abin da yake guda ɗaya tak a ƙauyenmu, nan shi ne ko'ina, soro a jikin soro, wani a kan wani. Indararonsu dogaye ne, sun miƙo kan lungu ta kowane gefe, Fassuma ta ce da damina in ba ka san tafiya ba sai ka yi wanka uku kafin ka kai kasuwa. Ruwan sha a garwa ake kawo shi a saye, wannan ya ba ni mamaki. Mata ba a ganinsu a waje da rana sai tsofaffi da baƙi irinmu, na yi ta tunanin wa yake musu noma. Gaisuwarsu gajeriya ce, kana cikin tambayar gida mutum ya riga ya kai ƙarshen lungu. Amma ba su da rowar kwatance, sai dai kowa ya ji bakina ya ce, ta Faranshi ce.

Muka sauka gidan fatoman Fassuma, wato mai masaukinta, kusa da kasuwa. Yini guda muka yi muna nema. Nalado na farko da aka kai mu wurinsa mahauci ne. Na biyu ya rasu tun bara, na zauna a dakalin ƙofar gidansu, sai matarsa ta ce nata Nalado dukanci ya yi, bai taɓa riƙe tubali ba. Da la'asar muka kai marina. Wani marini, hannuwansa shuɗi har gwiwa, ya ce in dai mai aikowa a kwashe masa katsi ne, ya san shi. Katsi shi ne abin da yake kwantawa a gindin rijiyar rini, ban san me magini zai yi da shi ba. Mutumin ya ɗauraye hannu ya kai mu har ƙofa.

Muka tarar da tsoho a zaure a kan buzu, ƙafafunsa sun kumbura, ya daina hawa gini. Matarsa Gwaggo Asabe ta kawo mana ruwa. Da aka gama gaisuwa ya tambayi matar wa ce, Fassuma ta sake zama bakina. Sai ya ce, "Dogon nan na Faranshi? Wanda kullum yake tambayata yadda ake gini a ƙasar rairayi?" Na ce shi. Ya tambayi lafiyarsa. Ashe labari bai taɓa iso masa ba. Da na gaya masa sai ya cire hula ya riƙe a hannu, sannan ya yi masa addu'a mai tsawo, muka shafa.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ni a tunanina wani magani zai ba ni in kai a ƙara a kan rufin. Shi kuwa sai tambaya, a hankali, kamar mai duba mara lafiya. Ta ina yake ɗiga, jikin bango ko tsakiya? Na ce tsakiya. Ana cikin ruwa ko bayan an ɗauke? Na ce bayan an ɗauke ya fi, yakan kwana biyu yana ɗiga. Indararo fa? Na ce da can harba ruwa yake har ya haƙa rami a ƙasa, yanzu sai dai ya bi bango yana tsiyaya. Ya gyaɗa kai. Ya ce me muke yi masa duk shekara. Nan na ɗan ji ƙarfi, na ba shi labarin gayya, yadda abokan marigayi suke zuwa, kowa yana son a ce kwandonsa ya fi cika, ba mu taɓa tsallake bazara ba.

Ya ce, "Kafin ku zuba, me kuke kankarewa?"

Na ce, "Kankarewa, Baba?"

Ya ce Gwaggo Asabe ta kawo masa tsohon faifai da ƙasa a ƙwarya da buta. Ya ɗora faifan a kan tubali biyu, tsakiyarsa ba abin da ya tare. Ya zuba ƙasa tafi ɗaya ya baje, ya ƙara wani, ya ƙara, har tara. Ina kallo faifan ya yi ciki. Sai ya tsiyaya ruwa. Ruwan bai je gefe ba, ya taru a tsakiya ya zauna, can ya fara ɗiga a kan buzunsa.

Ya ce, "Ƴata, jinka ce ake baibaye wa sabuwar ciyawa a kan tsohuwa. Ku mutanen jinka ne, kun yi wa soro abin da kuka sani. Shi rufin ƙasa ba kauri ne yake tsare shi ba, gangare ne. Aikinsa ya sallami ruwa kafin ya zauna."

Na ce amma da idona na ga marigayi yana hawa da ƙasa. Ya ce ƙwarai, amma kafin ya zuba sabuwa sai ya kankare wadda ta yi laushi ya watsar ta bayan gida, abin da ya cire shi yake mayarwa, ba ƙari. Ya ce ni ina tsakar gida, abin da ya hau na gani, ban ga abin da ya sauka ba. Sai na tuna da ɗan tudun da yake bayan soron, inda awaki suke hawa, mun ɗauka ragowar ƙasar gini ce.

Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Shekara tara muna kashe ɗakin da hannunmu, ni ina dama fura ina sa albarka. Fassuma, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta yi tsit, don mijinta yana cikin masu cika kwando. Tsohon ya bar ni na yi kukana, sannan ya ce ba mugunta ce ta yi wa rufin nauyi ba, kuma azarar da ta ɗauki kayan shekara tara ba ta karye ba, to namijin giginya ne, yaronsa ya iya zaɓe. Ya ce yana ganin ɗakin zai tashi, in an yi sauri.

Gwaggo Asabe ta ce ba mu koma gidan fatoma ba, nan za mu zauna. Kwana biyu na yi a hannunsu. Ɗansu Garba, magidanci, wanda ya gaji sana'ar, shi ya hau da ni kan soronsu ta matakala. Kafin ya hau sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, domin matan maƙwabta su kimtsa. Al'adar ta burge ni. Saman rufin jawur ne mai duhu, da tauri kamar bayan tukunya. Ido ba ya ganin gangarensa, sai dai ƙafa ta ji. Garba ya tsiyaya buta a ƙarshen can, ruwan ya taho siriri ba tsayawa, ya bi jikin rawani, wato ɗan gajeren bangon da ya kewaye rufin, ya faɗa indararo ya fita. Ya ce jan nan makuba ce, ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasar sama da ruwansa. Bakin indararo kuwa da gindin rawani, inda ruwa ya fi ci, laso ake sa musu.

Laso Gwaggo Asabe ce ta koya mini, ta ce shekara arba'in tana kallo ai ta fi wasu magina. Katsin nan ne da aka ƙona aka daka, da gashin awaki daga majema, da ruwan saiwar dafara mai yauƙi. Warinsa ya fi na kamyon fatu. Ta sa ni cuɗawa, in shafa a jikin tubali mu bar shi a rana. Na farko ya tsage, ta ce gashi ya yi kaɗan. Na biyu ya zame, ta ce na cika hannu da dafara kamar mai miyar kuɓewa. Na uku ta ƙwanƙwasa da farce ta ce yanzu na zama matar magini. Tsakanin aiki tana ba ni gurasa da alkaki, tana ba ni labarin marigayi yana saurayi, wai ranar da ya fara zuwa ya ƙi cin abinci sai da aka rantse masa ba a sa manja ba.

Malam ya jero mini yadda za a bi, ni kuma na fito da kaye da kiriyo, wato fensir, ina rubutawa. A fara tokare azarar tsakiya da gwafa mai ƙarfi, kada kowa ya kwana a ciki. A kankare daga jikin bango, kada a taru a tsakiya. A tsaya in fartanya ta yi ƙara, an iso yaɓen mai ginin ke nan. A ƙwanƙwasa kowace azara, wadda ta amsa a bar ta. Ƙasarmu rairayi ce, sai a nemi ta suri ko ta bakin tafki. A cike kwarin da sauƙi, a maido da gangare, a bi da makuba siriri sau uku da tafin hannu. Tsohon yana ta kallon hannuna, ya ce bai taɓa ganin mace tana boko ba. Ya sa na karanta masa, ya gyara mini wuri biyu.

Ranar tafiya suka ɗaure mini katsi a ƙaramin buhu, da gashi, da saiwar dafara, da makuba. Ni kuma na ajiye musu tabarma da ɗan man shanun da na zo da shi, kunya duk ta kama ni. A bakin zaure ya ce, "Ki gaya wa tsohuwa ɗanta ya iya aiki. Ni na koya masa, na sani."

A dawowa wani ɗan duwan muka tarar, ba na farko ba. Ya kwance buhun ya ga toka-toka, ga gashi, ga saiwoyi, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce albarushi ne ko kayan boka. Na fara bayani, amma kafin in kai ƙarshe ya dangwala yatsa ya kai baki. Ya yi ta tofarwa. Fassuma ta ce na toshe rufi ne, ranka ya daɗe, sai dai ka yi haƙuri in ka kwana biyu ba ka zagaya ba. Abokan aikinsa suka fashe da dariya, shi ma bai iya riƙewa ba, ya ce mu kwashe warinmu mu tafi.

Muna sauka a Magariya aka yi yayyafi, ɗan kaɗan, wanda yake tayar da ƙamshin ƙasa kawai. Ƙanwar Fassuma ta ce mu huta kwana biyu, na ce ko ɗaya da ƙyar. Da asuba muka kama hanya, ina gaba jakin yana bina, idona a gabas. Rana ta tara ce da la'asar muka shiga gari. Ruwan bai iso nan ba. A tsakar gida na ga an tara shuci dami-dami, an ɗaure ƙashin jinka an jingine da tsani a gefe. Amma soron yana nan yadda na bar shi. Yaron ya cika alkawari.

Ban ko sha ruwa ba na shiga wurin Iya. Tana zaune daidai ƙarƙashin azarar, da carbi a hannu. Ta ji tafiyata ta ce, "Ƴar nan, kin samo maganin?" Na durƙusa na ce na samo, amma ba abin ƙarawa ba ne. Na gaya mata komai, da faifan, da tudun awaki, ban ɓoye laifinmu ba. Na ce ba rushewa za a yi ba, sauke namu za a yi a bar nasa. Na isar da saƙon Malam Nalado yadda ya faɗa. Ta sa na maimaita mata shi.

Ta ja carbi. Sannan ta ce, "Nasa yana nan a ƙarƙashi? Bai narke ba?"

Na ce Malam ya ce yana nan.

Ta ce to za ta koma ɗakina har a gama, amma in an iso nasa sai an gaya mata kafin a taɓa.

Yaron yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji duka. Na miƙa masa kayen, shi da ya ɗan yi lakol, makarantar boko, ya karanta da sauri fiye da ni. Sai ya fita. Kafin magariba ya dawo da gwafar gawo shi da mijin Fassuma, suka tokare azarar. Na ji itacen ya yi wani ɗan ƙara da nauyin ya sauka a kansa. Na ɗauki shimfiɗar Iya, ita kuma ta fito tana shafa bango da hannu har ta kai ƙofa.

Da gari ya waye na yi salla, na ɗaura ɗamara, na ɗauki fartanya. Na tsaya gindin tsani na ɗaga murya na ce za a hau sama, Fassuma ta amso daga gidanta wai wa ya ga Bakanuwa. Yaron ya ce in bari shi ya hau, na ce mu hau tare. Saman soronmu fari ne, ya tsattsage, tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi, bakin indararo duk ya kusa binnewa. Muka tsuguna a kusurwa jikin bango na fara sara. Ƙasar tana tashi ɓawo-ɓawo, kowace shekara daban, wata da ƙaiƙayi, wata yashi zalla. Yaron yana kwashewa yana watsawa baya. Na wuce taƙi guda, na ci gaba. Da hantsi fartanyar ta buga wani abu ta yi ƙara.

Na ajiye ta na share wurin da hannu. Ja ne mai duhu, da tauri, ko tsaga babu. A jikinsa ga sawun tafin hannu, shafa bayan shafa, yatsu huɗu a jere, duk sun nufi gefe guda.

Na leƙa ƙasa na ce, "Iya, mun iso."

Ta miƙe daga tabarma ta ce, "Ina angon nawa? Zo ka goya ni."

Yaron ya sauka ya goya kakarsa, ya hau da ita a hankali, mijin Fassuma yana riƙe da tsanin. Muka zaunar da ita jikin rawani, na kama hannunta na ɗora a wurin. Ta sa yatsunta a cikin sawun, ta bi shi sannu-sannu har inda muka share ya ƙare, hannunta yana fuskantar indararo.

Ta ce, "Nan yake son ruwan ya bi. Ku ci gaba, kada ku ji masa ciwo."

Na ɗauki fartanyar na matsa gaba.